Wace ce yarinyar da ta yi waƙar?

Kwana huɗu ke nan ina danne zuciyata kan maganar bidiyon nan na wasan kwaikwayo da waƙa da wasu yara suka yi a wani taro a nan Garwa ta Kamaru, yau dai na kasa. Kun gan shi ai, babu grup ɗin WhatsApp a Garwa da bai shiga ba, har 'yan uwa na Marwa da Kuseri sun turo min suna tambayata wai wace ce yarinyar nan mai jan kallabi da ta yi waƙar uwar da aka raba da 'yarta. Ku duba ƙasan bidiyon a Facebook, tambaya ɗaya kowa yake yi, wace ce, wace ce, 'yar ina ce. Ba wanda ya amsa. Kuma ba za a amsa ba tunda waɗanda suka saka bidiyon ba su rubuta sunan ko mutum ɗaya daga cikin yaran ba.

Na ga afish ɗin taron, wato takardar tallarsa, da idona. Sunan ƙungiyar da ta ba da kuɗi yana sama da manyan baƙaƙe, tambarinsu har kala uku, sunan babban baƙo yana nan, mai sono, wato mai kayan sauti, ma an sa sunansa da lambar wayarsa. Yaran da suka yi wata biyu suna repetisiyon, wato gwajin wasan, cikin zafin nan na Garwa, a tsakar gidan wani bawan Allah ba ko fanka, su ne aka taƙaita da kalma biyu, "matasan unguwa". Haba jama'a. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. An ba kowannensu lemo da kuɗin moto an ce Allah ya yi albarka, an watse.

Amma wallahi ba masu taron ne suka fi ƙona min rai ba, su dama haka suke, duk inda suka ga banza za su ɗauka. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na kira yarinyar, na san ta na san gidansu, na ce ƙanwata ga duniya tana nemanki, ki shiga ƙasan bidiyon ki rubuta ni ce, ki sa shafinki. Sai ta ce min "kawu ai da kunya, kar a ce na cika son a san ni". Nan ne raina ya ɓaci. Kuma ba zan faɗi sunanta a nan ba duk da na sani, domin ita ya kamata ta faɗa da bakinta, in na faɗa a madadinta yau gobe wa zai faɗa a madadinta?

Ku saurare ni ƙannena masu wasan kwaikwayo da waƙa. Sana'ar nan tamu ba ta da shago, ba ta da rumfa a kasuwa. Tela yana da keke, mai nama yana da teburinsa a bakin titi, duk mai nemansu ya san inda zai je. Kai da kake hawa dandamali ka yi waƙa ka yi rawa ka sa mutane kuka, da an tashi taro an kwashe kujeru shi ke nan aikinka ya bi iska, abin da ya rage a hannunka sunanka ne kaɗai. In ba a san sunan ba, wanda zai yi biki wata mai zuwa wa zai nema? Zai nemi masu taron, su kuma su ɗebo wasu yaran daban su ba su lemo. Haka ake yi mana tun muna lise, wato sakandare, na ga masu murya da yawa da suka ƙare ba wanda ya san sun taɓa riƙe makirfo, wasu suna tuƙa moto yanzu, wasu an yi musu aure maganar ta mutu.

Na san abin da za a rubuto min a ƙasa, yabon kai jahilci. To ku riƙe karin maganarku. Wa ya ce ka yabi kanka? Cewa na yi ka faɗi sunanka a kan aikin da ka yi da guminka. Mai ƙosai da take cewa a sayi ƙosai da zafi jahilci take yi? Kuma wannan kunyar ban san inda muka samo ta ba, don makaɗanmu na Hausa ba su san ta ba. Ka saurari Shata, Allah ya jiƙansa, ya rasu tun 1999 amma har gobe yaron da aka haifa bayan rasuwarsa ya san muryarsa ya san sunansa, saboda mutumin nan yana ambaton kansa a cikin waƙa, 'yan amshi suna tayawa, maroƙi yana masa kirari. Barmani Choge mace ce, da ƙwarya ta yi suna a gaban mata da maza, ba ta ɓoye kanta ba. Ɗan dambe ma kafin ya shiga fili sai ya yi wa kansa kirari kowa ya ji ɗan wane gari ne. Mu ne da muka shiga makaranta muka koyo noƙe-noƙe, muna jira wani ya zo ya gano mu kamar zinariya a rami.

Wani zai ce ai aikin ƙungiya ne, ba na mutum ɗaya ba, in aka fitar da sunan ɗaya sauran za su ji haushi. To a sa na kowa mana! Su goma sha ɗaya ne, layi nawa zai ci a afish? Can Amurka a Broadway, inda irin wannan wasa na waƙa da rawa ya zama babbar sana'a, duk wanda ya shiga kallo ana miƙa masa ɗan littafi, a ciki akwai sunan kowane ɗan wasa har na 'yan amshi da ke can baya, da ɗan tarihin wasannin da ya yi. Ba don sun fi mu kirki ba, 'yan wasan ne suka haɗa kai suka kafa ƙungiya suka tsaya a kan hakkinsu. Kuma kar a ce min wannan harkar Turawa ce. Wasan Sarafina a Afirka ta Kudu aka fara shi, a Johannesburg a 1987, yara ne 'yan makaranta baƙar fata irin namu, a 1988 aka kai shi Broadway, a 1992 aka mai da shi fim. Yarinyar da ta ja wasan, Leleti Khumalo, ba ta kai shekara ashirin ba lokacin, kuma duniya ta san ta don an rubuta sunanta. Da "matasan unguwa" aka rubuta da yanzu wa ya san ta?

Doka ma tana bayanku ku ne ba ku sani ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Kamaru ta 19 ga Disamba 2000 ba marubuta da mawallafa kaɗai ta sani ba, ta san mai hawa dandamali ya yi wasa ko ya rera, kuma ta ba shi hakkin a girmama sunansa a kan aikinsa. Ni ban ce ku kai kowa kotu ba, wa yake da kuɗin lauya. Amma in ka san abu hakkinka ne, yadda za ka buɗe baki ka nema daban yake da na mai roƙon alfarma.

Masu cewa ɗaukaka ta Allah ce, na yarda ɗari bisa ɗari, ba mai ba da ita sai Shi. Arzikin manomi ma na Allah ne amma ban taɓa ganin wanda ya zauna a gida da damina yana jiran masara ta shuka kanta ba.

Magana ɗaya ce nake ɗauka da nauyi, ta iyaye. Na san akwai gidajen da in yarinya ta fito a bidiyo da sunan mahaifinta za a yi tashin hankali, goggo ta kira, baffa ya zo har gida, a ce ta zama 'yar dirama ta zubar da mutuncin dangi. Wannan gaskiya ce, ban raina ta ba, na sha zuwa gidajen mutane ina durƙusawa ina ba da haƙuri a bar yarinya ta ƙarasa wasa. Amma ko a nan akwai hanya. Ki zaɓi sunan wasa, suna ɗaya, ki riƙe shi. Ba dole sai da sunan baba ba. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ki zauna ba suna kwata-kwata.

Kuma don Allah maganar suna ɗaya ɗin nan ku kula da ita, don mu nan muna da matsalar da 'yan Kano ba su da ita. A takardar haihuwa an rubuta maka suna da rubutun Faransanci, Ousmanou ko Aïssatou, a Facebook ka rubuta Usman, a TikTok ka sa wani laƙabi da lambobi a ƙarshe, a WhatsApp kuma sunan ɗanka ne ko wata addu'a. Mutum ya gan ka a wasa ya burge shi, ya koma gida ya nema ya rasa. Ka zaɓi rubutu ɗaya ka sa shi ko'ina. Hotonka ya zama fuskarka ce a fili da hasken rana, ba hoton mota ba, ba fure ba. Ka samu bidiyo gajere, minti ɗaya zuwa biyu, a ji muryarka ba tare da kiɗa ya danne ta ba, a ga kana magana a matsayin wani mutum daban, a ga ƙafarka tana bin kiɗa, don wannan sana'ar abu uku take nema a jikin mutum ɗaya kuma wanda zai ɗauke ka yana so ya ga ukun kafin ya kira. Waya ta isa, ka jingina ta a kan kujera da safe kafin hayaniya ta tashi. Duk wasan da ka yi ka rubuta a littafi, rana da wuri da abin da ka fito a matsayinsa, ranar da wata ƙungiya za ta nemi masu wasan wayar da kai kan rigakafi ko kwalara takarda za su ce ka kawo, ba za su ji "ai kowa ya san ni" ba.

Sannan abin da ke ba ni takaici, kuna zaune a kan dukiya ba ku faɗa. Yarinyar nan a wasa ɗaya ta yi waƙa da Hausa, ta juya Fulatanci, ta yi wa likita magana da Faransanci, kuma na san tana jin Larabcin Chadi don kakarta 'yar can ce. Ɗan wasa nawa ne a Yawunde ko Duwala zai iya haka? Da wannan bakin za ta yi wasa a Ngaundere, ta yi a Marwa, ta haye gada daga Kuseri ta yi a Njamena, ta leƙa Yola a fahimce ta. Amma in ba ta rubuta a shafinta cewa tana waƙa da harshe huɗu ba, wa zai yi mata duba ya gano?

Kuɗi kuma a yi maganarsa kafin a hau dandamali, ba bayan an sauko ba. Ka faɗi farashinka, a turo rabi ta Orange Money ko MoMo kafin ranar, a rubuta ko da a saƙon WhatsApp ne cewa za a sa sunaye a afish da ƙasan duk bidiyon da za a saka. In suka ce ai tallata ku za mu yi, ka tambaye su talla da wane suna. Wanda ya ƙi sa sunanka me yake tallatawa? Kansa. Na san za a ce in ka tsaya ciniki wasu za su karɓa a banza, e za su karɓa, shi ya sa nake rubuta wannan a fili kowa ya gani, har da ku shugabannin trup, wato ƙungiyoyin wasa, da kuke karɓar ambulan a bayan fage ku raba wa yara abin da kuka ga dama.

Ƙanwata in kina karantawa, kuma na san kina karantawa, ban yi wannan don in kunyata ki ba. Ranar nan da kika kai wurin da uwar take kiran sunan 'yarta muryarki ta karye, matar da ke kusa da ni sai da ta rufe fuska da mayafi, ni kaina na kasa ɗaga kai. Allah ya ba ki abin da kuɗi ba sa saye. Bidiyon yana nan yana yawo, mutane suna nan suna tambaya, kalma biyu ce, ni ce. Ki rubuta yau kafin wani bidiyon ya fito a manta da wannan.

Af, tunda ana maganar. Akwai wani wasa da muka yi muna lise, na bikin matasa na 11 ga Fabrairu, an ɗauka a kaset har an sa a rediyo a lokacin, akwai waƙar masunta a bakin Binuwai a ciki da wani abokinmu ya tsara, Allah ya jiƙansa ya rasu. Nawa kaset ɗin ruwa ya ci shi shekarar da aka yi ambaliya. Matarsa ta tambaye ni ya fi sau uku, tana so yaran su ji muryar babansu. Duk wanda yake da shi a cikin tsofaffin kaya, ko ya san wani tsohon ma'aikacin rediyo da ke ajiye irin waɗannan, don girman Allah ya yi min magana ta inbox, ni zan zo har gida in karɓa in mayar bayan an juye.