Garin mahaƙa kwal da ya ci Juventus 6-1, ya kuma jinginar da kofin a kan fam 40

Jiya gardama ta ƙaure tsakanina da wani abokina, riƙaƙƙen ɗan Juventus, a kan me ake nufi da babbar ƙungiya. Shi a wurinsa girma bai wuce tarin kofuna da kuɗi da yawan mabiya ba, duk ƙungiyar da ba a nuna ta a talabijin kuwa wai ba ƙungiya ba ce, taron motsa jiki ne. Sai na tambaye shi ko ya san West Auckland. Ya ce wace ce kuma haka, a Niyu Zilan take? Na ce a'a, a arewa maso gabashin Ingila take, kuma ta taɓa zura wa ƙungiyarka ƙwallo shida a wasan ƙarshe, a cikin garinku na Turin. Ya yi dariya, ya ce na fara tatsuniya. To jama'a, ga tatsuniyar, ku yi mana alƙalanci.

West Auckland ɗan ƙaramin gari ne a gundumar Durham, wasu ma ƙauye suke ce masa. Abin da ya tara mutane a wurin shi ne kwal. Namiji ya tashi da asuba, ya nutsa cikin rami, ya fito da yamma baƙi ƙirin, ranar Asabar kuma bayan an tashi aiki ya ɗaura takalmi ya buga ƙwallo. A 1893 aka kafa ƙungiyar garin. Ba ta taɓa shiga sahun ƙwararru ba, tun daga ranar har yau.

Bari in ɗan tsaya a nan saboda waɗanda Firimiya kaɗai suka sani. A Ingila ƙungiyoyi 20 ne a Firimiya, sai wasu 72 a rukunai uku da ke ƙarƙashinta, jimilla 92. Duk abin da ke ƙasa da waɗannan shi ake ce wa 'yan wajen lig, ko da yake su ma suna da gasanninsu, hawa-hawa, ana ɗagawa ana faɗowa kamar yadda ake yi a sama. Gasar da West Auckland ta yi mafi yawan rayuwarta a ciki, wato Northern League, an kafa ta a 1889, shekara ɗaya kacal bayan babbar gasar Ingila. Rukuninta na farko shi ne hawa na tara idan ka ƙirga daga Firimiya. Na tara fa. A wannan hawan ɗan wasa yana da sana'arsa, wani mai gyaran famfo, wani malamin makaranta, wani direba, sai da daddare a haɗu a yi atisaye.

Yanzu ga yadda aka yi. Sir Thomas Lipton, attajirin nan ɗan Glasgow, i, shi dai mai ganyen shayin, ya sa kofi a 1909 don a yi gasa a Turin tsakanin ƙungiyoyi daga ƙasashe huɗu: Italiya, Jamus, Suwizalan da Ingila. Hukumar ƙwallon Ingila ta ɗaga hanci, ta ce ba ruwanta, ba za ta tura kowa ba. A lokacin Turawan Ingila gani suke su suka ƙirƙiri wasan, me za su je koyo a wurin almajiransu? Ƙarshe dai goron gayyata ya faɗo hannun West Auckland, ƙungiyar da ko a yankinta ba a sa ta a gaba.

Akwai wani labari mai daɗi da ake yawan bayarwa, wai Woolwich Arsenal aka yi niyyar gayyata, haruffan farko na sunayen suka zo ɗaya, wasiƙa ta ɓace hanya ta tafi Durham. 'Yan Arsenal, kada ku yi saurin ɗauka ku ce ai da ma kofinku ne. Labarin baki ne, ba takardar da ta tsaya masa. Ni ma ba na son sa, domin yana rage wa mutanen nan daraja, kamar a ce tsintuwa suka yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kuɗin tafiya. Mahaƙin kwal ba a biyansa ranar da bai shiga rami ba. Ga shi za a bar aiki kwanaki, a hau jirgin ƙasa, a tsallaka teku, a sake hawa jirgin ƙasa a ratsa Faransa har Italiya. Da yawansu daga aljihunsu suka biya, wasu har kayan ɗakinsu suka kai jingina. Ka yi tunanin yadda mutum zai zauna ya yi wa matarsa wannan bayani. Ba albashi, ba alawus, ba wanda zai ɗauke ka hoto, za ka je ƙasar da ba ka jin yarenta don buga ƙwallo da mutanen da ba ka taɓa jin sunansu ba.

Suka je. Suka ci Sportfreunde Stuttgart ta Jamus biyu da nema, suka ci Winterthur ta Suwizalan biyu da nema a wasan ƙarshe, kyaftin ɗinsu Bob Jones ya ɗaga kofi. Bayan shekara biyu, a 1911, aka sake kiransu su kare kambunsu. Suka fitar da Zürich da ci biyu, suka haɗu da Juventus a wasan ƙarshe, aka tashi 6-1. Da yake sau biyu ke nan a jere, kofin ya zama nasu dungurungum, suka naɗo shi zuwa gida.

Adalci ya sa in faɗi abin da abokina zai faɗa da ya sani. Juventus ta 1911 ba ita ce ta yau ba. Shekararta 14 da kafuwa, kofin Italiya ɗaya take da shi, na 1905, kuma iyalan Agnelli masu kamfanin Fiat ba su karɓe ta ba sai 1923. Haka nan kirarin da mutanen garin suke yi wa kansu, har suka rubuta a allon shiga gari, cewa su ne gidan kofin duniya na farko, akwai ƙarin gishiri a ciki. Ƙungiyoyi huɗu ne suka buga, ba ƙasashe ba, kofin duniya na FIFA kuwa sai 1930 aka fara shi a Yurugwai. Na yarda da duk wannan. Amma shida dai shida ce, kuma a Turin aka zura ta.

Sai dai ni ba shidan ce ta sa na zauna ina wannan dogon rubutu ba. Abin da ya biyo baya ne.

Sun dawo gida da kofi, sun kuma dawo da bashi. Tafiya ta cinye ƙungiyar ƙarƙaf. Hedikwatarsu a lokacin wani otal ne mai suna Wheatsheaf, sai suka karɓi rancen fam 40 a hannun matar da ke da wurin, suka ajiye mata kofin a matsayin jingina. Shekara ɗaya bayan cin Juventus, a 1912, ƙungiyar ta durƙushe, ta fice daga gasa. Zakarun Turin sun rasa kuɗin zuwa garin maƙwabta. An sake tayar da ita a 1914, shekarar da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke ya kwashe samarin garuruwa irin wannan, kuma ba ta samu komawa Northern League ba sai 1934.

Kofin fa? Yana nan a hannun matar da iyalinta kusan shekara 50. Sai a 1960 mutanen gari suka yi karo-karo, suka haɗa fam 100, suka fanso shi. Wannan wurin nake so ku duba da kyau. Da yawa daga cikin waɗanda suka sa hannu a aljihu ba a haife su ba lokacin da aka ci kofin. Ba su ga wasan ba, babu bidiyonsa, babu wani riba da za su samu. Kawai dai ba su yarda a ce abin da iyayensu da kakanninsu suka sha wahala a kansa yana zaune a gidan wani saboda bashi ba. Idan wannan ba girma ba ne, ku gaya mini sunansa.

Kamar dawowar kofin ta zo da albarka, lokacin ne ƙungiyar ta yi tashenta na biyu. Ta ci Northern League a 1960, ta maimaita a 1961, a shekarar kuma ta kai wasan ƙarshe na kofin 'yan wasan da ba ƙwararru ba a Wembley, inda Walthamstow Avenue ta doke ta 2-1. A wancan zamanin wannan kofin ba abin rainawa ba ne, musamman a Durham. Maƙwabciyarsu Bishop Auckland sau goma ta ɗauke shi. Ku 'yan Manchester United ma akwai bashin da ake binku a nan: bayan hatsarin jirgin sama na Munich a Fabrairun 1958, wanda ya kashe muku 'yan wasa takwas, Bishop Auckland ce ta ba ku aron mutum uku, Bob Hardisty da Derek Lewin da Warren Bradley, har Bradley ya kai ga buga wa Ingila. Ɗan hakin da ka raina, wani lokaci shi ke riƙe maka jinka.

Daga nan sai ramukan kwal suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, har zuwa farkon shekarun 1990 babu sauran babban rami a duk yankin Durham. Abin da ya haifi garin ya mutu. Aiki ya tafi, samari suka bi shi. Sannan a Janairun 1994 ɓarawo ya shiga kulob ɗin ma'aikata inda ake ajiye kofin, ya yi awon gaba da shi. Har yau ba a gan shi ba. Wanda ke wurin yanzu kwafi ne, kamfanin Unilever, mai sunan Lipton a lokacin, shi ya ɗauki nauyin ƙera shi. Wallahi duk lokacin da na tuna ɓarawon nan sai in rasa me zan ce. Ina zai kai shi? Wa zai nuna wa? Ko ya narkar da shi ya sayar da azurfar, ko yana ɓoye a wani ɗaki yana kallonsa shi kaɗai.

To, ga gari ba kwal, ga ƙungiya ba kofi. Da ƙa'idar abokina ce, da nan labari ya ƙare. Amma ba a fasa buɗe fili a titin Darlington ranar Asabar ba. A 2009, cika shekara ɗari, sun koma Italiya sun buga da matasan Juventus, matasan suka rama, suka ci su 7-1, wannan kam abokina yana iya riƙewa ya yi ta murna. A 2012 sun je Wembley wasan ƙarshe na FA Vase, kofin ƙananan ƙungiyoyin wajen lig, Dunston ta ci su biyu da nema. A 2014 sun koma, Sholing ta ci su ɗaya mai ban haushi. Sau uku ke nan a Wembley, sau uku ana dawowa hannu rabbana. A 2013 kuma gari ya kafa mutum-mutumi na tagulla a dandalinsa, ɗan ƙwallo da mahaƙin kwal a haɗe, domin a can mutum ɗaya ne.

Su wa ke riƙe da irin waɗannan ƙungiyoyi? Ba attajirin Amurka ba ne, ba asusun wata masarauta ba ne. Dattijo ne mai yanke ciyawar fili ba a biyansa, da matar da ke wanke riguna, da mai zama a ƙofa cikin sanyi yana karɓar kuɗin shiga, da sakataren da ke cike takardun hukuma bayan ya taso daga aikinsa. Ɗan kallo yana tsaye dab da layi, ɗan wasa na jin duk abin da ya faɗa, bayan wasa kuma su haɗu a zaure ɗaya. A irin wannan fili Jamie Vardy ya buga wa Stocksbridge Park Steels yana aikin masana'anta, kafin Leicester ta saye shi daga Fleetwood a 2012, ya ci Firimiya a 2016. Amma ba na son kafa hujja da Vardy sosai, don sai a ɗauka amfanin ƙananan ƙungiyoyi shi ne renon 'yan wasa ga manya. A'a. Ko ba su fitar da tauraro ko ɗaya ba, garinsu suke wa aiki.

Shi ya sa abin da ya faru a Afrilun 2021 ya ba ni haushi har yanzu. Manyan ƙungiyoyin Turai 12 suka haɗa kai a ɓoye za su kafa gasar da ba a faɗuwa daga cikinta, su rufe ƙofa su raba kuɗi. Juventus na sahun gaba, shugabanta na lokacin Andrea Agnelli na cikin masu riƙe da tutar. Ma'anar shirin a taƙaice ita ce kada a sake samun rana irin ta 1911, ranar da wanda ba kowa ba zai tsaya a gabanka ya gwada ka. Magoya baya a Ingila suka fito titi, cikin kwana biyu abin ya wargaje. Amma ba a haƙura ba, an canza salo ne. Daga kakar 2024 aka soke sake wasa idan an tashi kunnen doki a kofin FA tun daga zagayen farko, don manya sun ce jadawali ya yi musu yawa, alhali wasa ɗaya na maimaici da babbar ƙungiya kan iya ciyar da ƙaramin kulob shekaru. Su da ke zagaya duniya wasannin sada zumunta kafin kaka, wai su ne suka gaji.

Na san wani zai ce, to kai ma ai babbar ƙungiya kake goyon baya. Gaskiya ne, ban musa ba, kuma daren Talata da Laraba za ku same ni a gaban talabijin kamar kowa. Ban ce a daina ba. Cewa na yi a daina raini, a kuma daina auna ƙungiya da abin da ke cikin kabad ɗinta kaɗai. Wadda nake goyon baya, in mai ita ya tsiyace gobe, wani attajiri ne zai zo ya saye ta, mu kuma mu ci gaba da ihu daga nesa. West Auckland da ta tsiyace, mutanen da ke kwana a garin ne suka tashe ta.

Na tura wa abokina sakamakon wasan 1911 tun da safe. Ya buɗe, na ga alamar ya karanta, har yanzu bai ba ni amsa ba.