Zagin da muke yi shi ne jarin shirin

Duk lokacin da aka buɗe sabon zangon shirin talabijin na Big Brother Naija, mutane kan kasu gida biyu a Facebook da X: masu kallo, da masu rantsuwa cewa ba za su taɓa kallon wannan shashanci ba. Abin dariya, 'yan rukuni na biyun sukan riga kowa sanin wa ya zagi wa, wa ya kwana yana kuka. Su ne kuma masu yaɗa guntun bidiyon, su rubuta "ku dubi inda duniya ta kai mu" a samansa. To Malam, ka taya su talla kyauta, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Ni a ganina, cece-kucen da ake yi kan irin waɗannan shirye-shirye na zahiri ba tsautsayi ba ne. Shi ne hajar da ake sayarwa. Tun da John de Mol ya fito da Big Brother a ƙasar Holan a 1999, dabarar ɗaya ce: a tara mutanen da halinsu bai zo ɗaya ba, a rufe su a gida guda, a ƙwace musu waya, a zuba musu kyamarori, sannan a jira. Wanda ya zaɓo su ya san wa zai hau kan wa tun kafin su haɗu.

Ku tuna abin da ya faru a Birtaniya a 2007. A zangon fitattun mutane na shirin, wasu mazauna gidan suka riƙa yi wa jarumar Indiya Shilpa Shetty kalaman da jama'a suka ɗauka na wariyar launin fata ne. Ƙorafi sama da 40,000 ya isa hukumar Ofcom mai sa ido kan kafofin yaɗa labarai, maganar ta shiga majalisa, har Gordon Brown, ministan kuɗin Birtaniya, da ke ziyara a Indiya a lokacin sai da aka yi masa tambaya a kai. Babban mai ɗaukar nauyin shirin ya janye, amma masu kallo ƙaruwa suka yi, kuma Shilpa ce ta lashe gasar. Wannan fa a lokacin Twitter bai cika shekara da fitowa ba. Yanzu da kowa ke riƙe da waya, kuma manhajojin nan suka fi tura maka abin da aka fi yin sharhi a kansa, fushi ya fi yabo saurin tafiya. Kamfanin MultiChoice mai shirya Big Brother Naija ya ce an kaɗa ƙuri'a sama da miliyan 900 a zangon 2020 na shirin. Masu shirin, ko a jikinsu, wai an tsikari kakkausa.

Ba na cewa muhawarar duka banza ce. A 2017 an kori wani ɗan takara daga gidan Big Brother Naija saboda ya taɓa wata abokiyar zamansa tana barci, kuma mutane da yawa sun yi maganar yardar mace da iyakar wasa a fili, abin da da wuya su buɗe baki a kansa in a kan ɗan'uwansu ne ko maƙwabcinsu. Ya fi sauƙi ka yanke hukunci kan baƙon da ke cikin talabijin. Ta nan ake samun hanyar tattauna kishi, son kuɗi, raina talaka, cin amana, da yadda ake yi wa mace hukunci mai tsanani kan abin da ake yafe wa namiji. Wannan amfani ne, ban musa ba.

Inda nake da ja shi ne abin da muke gina hukuncin a kansa. Mutum ya yi awa 24 gaban kyamara, mai tace hoto ya yanko daƙiƙa talatin, wani ya sake datse ta ya ɗora a TikTok da taken da ya ga dama. Ba mu ga abin da ya faru kafin nan ba, ba mu ga haƙurin da aka bayar daga baya ba, amma mun riga mun raɗa masa suna mugu. Ga kuma masu riƙe wa 'yan takara shafuka, da rundunonin magoya baya da ke kwana suna tono tsofaffin rubuce-rubucen abokin hamayya. Wani lokaci abin da kake zaton ra'ayin jama'a ne, yaƙin neman ƙuri'a ne kawai.

Kuma wanda ake yayyagawa ɗin nan mutum ne, yana da uwa da ƙanne masu karanta duk abin da aka rubuta. Bayan wasu tsofaffin 'yan takara biyu na Love Island, shirin neman masoyi na Birtaniya, sun kashe kansu a 2018 da 2019, Ofcom ta fito da sababbin ƙa'idoji a 2021 da suka wajabta wa gidajen talabijin kula da lafiyar waɗanda suke sakawa a shiri. A 2023 kuma tashar ITV mai nuna Love Island ta sa 'yan takarar su dakatar da shafukansu har sai sun fito, saboda zagin da ake yi wa 'yan'uwansu masu riƙe musu shafukan. Wato har masu cin ribar hayaniyar sun ga ta wuce gona da iri. Sai dai dokar Ofcom gidan talabijin kawai ta ɗaure, ba ta kai ga mai waya da ke zaune a ɗakinsa yana tura wa yarinyar da bai taɓa gani ba saƙon fatan mutuwa.