Cikin mai ciwon suga ba ya jiran kunya

A Maraɗi, yarinyar da ta taso tana yi wa kanta allurar insulin takan shiga ɗakin miji da sirri biyu. Na farko iyaye ne ke ɗora mata: "Ƴar nan, ki ɓoye allurar nan, kada dangin miji su gani." Na biyu al'ada ce, cikin fari ba a faɗarsa, sai ya turo zane mutane su gane da kansu. Kowanne da dalilinsa. Amma idan suka haɗu a kan mace ɗaya, watannin da suka fi kowanne haɗari za su wuce ba tare da wani likita ya san tana da ciki ba.

Ba ciwon sugan manya ake magana ba, wanda ke zuwa da shekaru da ƙiba, a fara shi da ƙwayoyi. Nau'i na ɗaya yakan kama yaro ko matashi, jiki ya daina yin insulin ɗungurungum. Ba shan zaƙi ke kawo shi ba, kuma ba sassaƙe ko jiƙon da zai maye gurbin allurar. Kafin a gano insulin a Toronto a 1921, mai wannan ciwo da wuya ta kai shekarun aure, balle haihuwa. Yau tana haihuwa lafiya, ta yi goyo, ta yaye. Sharaɗin shi ne a fara shiri tun ciki bai shiga ba.

Zuciyar jariri da lakarsa da ƙodarsa suna haɗuwa ne a makonni takwas na farko, lokacin da mace ke cewa watakila al'ada ce ta yi jinkiri. Idan suga ya yi sama a wannan tsakani, ɓari na ƙaruwa, haka ma haihuwar ɗa mai nakasa a zuciya ko a gadon baya. Shi ya sa likitoci ke so gwajin jinin da ke nuna matsakaicin suga na wata uku ya sauka ƙasa da kashi 6.5 cikin ɗari kafin a ɗauki ciki, idan kuma ya haura 10 sukan ce a dakata tukuna. Suna ba da folik asid miligiram 5 kullum, tun wata uku kafin ciki har mako na 12, su duba ido da ƙoda, su canja wasu magungunan hawan jini da ke cutar da tayi. Matar da ta fara zuwa awo a wata na biyar, duk wannan ya riga ya wuce ta. Amarya kuwa ba ta isa ta jinkirta ciki ita kaɗai ba, a gidan da uwar miji ke ƙirga watanni tun daren biki. Dole miji ya sani, ya kuma yarda.

Na san amsar iyaye, kuma ba ta banza ba ce. Sun ga an fasa aure saboda abin da bai kai wannan ba. Suna tsoron a ce ƴarsu ba za ta haihu ba, ko za ta cika gida da masu ciwo. To, lissafin bai goyi bayan wannan tsoro ba. Uwa mai nau'i na ɗaya, yiwuwar ɗanta ya gada bai fi ɗaya cikin 25 ba, kuma idan uba ne mai ciwon yiwuwar ta fi haka, amma ban taɓa jin an tsare ango da wannan tambaya ba. Saurayin da zai gudu don ya ji gaskiya, gara ya gudu kafin ɗaurin aure. Wanda aka ɓoye wa, ranar da matarsa ta faɗi cikin dare tana gumi tana sambatu saboda suga ya sauka, turaren aljanu zai kunna mata, alhali suga cokali uku a ruwa take buƙata tun tana iya haɗiya.

Irin wannan faɗuwar ta fi yawa a farkon ciki, lokacin laulayi: an yi allura, an ci abinci, an amayar. Daga tsakiyar ciki kuma lamarin ya juya, mabiyiya na fitar da sinadaran da ke rage ƙarfin insulin, har buƙatar mace ta iya ninkawa kafin wata tara. A nan ne ƴan gida ke firgita, su ce allura ta yi yawa, za ta taɓa jariri. Insulin ba ya ratsa mabiyiya. Sugan ne ke ratsawa, jariri ya yi ta ƙiba har ya wuce kilo 4, kafaɗa ta maƙale wurin haihuwa. Barin allura kuwa, ko na kwana ɗaya, na iya jefa uwa cikin doguwar suma, ɗan ya mutu a ciki. Sai a wayi gari ana cewa mai wabi ce.

Ma'aunin sugan jini da ake bi ba mai sauƙi ba ne: ƙasa da giram 0.95 a lita da safe kafin a karya, ƙasa da 1.40 awa ɗaya bayan abinci. Ga shi cimarmu hura ce da tuwo da kunu. Ba cewa aka yi ta daina ba, aunawa za ta yi, ta rarraba ci, ta bar zuba suga a hura, ta ƙara wake da zogale da ƙwai. Azumin Ramadan kuwa, malamai da likitoci sun haɗu a kan rangwamen da addini ya yi wa irinta.

Zafin Afrilu da ɗaukewar wuta ma ba hujjar barin allura ba ne. Binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba suka fitar a 2021, kan yanayin wani sansanin ƴan gudun hijira a Kenya, ya nuna kwalbar insulin da aka buɗe na riƙe ƙarfinta mako huɗu a zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37. Namu yakan wuce 40, saboda haka a sa kwalbar cikin leda a ajiye a gindin randa, inda rana ba ta kaiwa.

Haihuwar gida ba ta wannan mace ba ce, ko da ta tafi goyon ciki gidan iyaye a Gidan Rumji ko Madarumfa. Galibi ana so ta haihu tsakanin mako na 37 da ƙarshen na 38, a asibitin da ke da tiyata, domin jijjiga ta fi kama masu suga, kuma sugan jaririn na iya faɗuwa a awannin farko, sai an gaggauta sa shi a nono ana aunawa. Da mabiyiya ta fita, buƙatar insulin ta uwar ke sauka nan take. Kakar da ke dama kunun jego ya kamata ta san haka, ta kuma san adadin sugan da take zubawa.

Saura kuɗi. Tun 2006 awon ciki da tiyatar haihuwa da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a asibitocin gwamnatin Nijar, aƙalla a takarda. Insulin da tsinken awon suga kuwa, yawancin iyalai daga aljihu suke saye. Mai ciki ana so ta auna kamar sau bakwai a yini, wato tsinke kusan 1,900 kafin ta sauka. Wane ɗan kabu-kabu ne zai iya? Gwamnatin da ta ɗauki nauyin tiyata, bai kamata ta bar abin da ke kai mace da ɗanta ɗakin haihuwa da rai ba. Matan nan ba su da yawa, kuɗinsu ba zai karya baitulmali ba. A sa musu insulin da tsinke cikin kayan kyauta, kuma asibitin uwa da yaro na Maraɗi ya ware rana guda da likitan suga da ungozoma za su zauna ɗaki ɗaya, a karɓi ma'aurata har waɗanda cikin bai shiga ba.