Hazon Legas da iskar radon ta Jos

Duk shekara idan hazo ya sauko Legas, sai wani saƙo ya fara zagayawa a wayoyin 'yan uwanmu na Agege da Idi-Araba, wai ƙurar tana ɗauke da gubar nukiliya daga bama-baman da Faransa ta gwada a hamadar Sahara. Maganar tana da asali, domin a watan Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a yankin Reggane na Aljeriya, har Najeriya ta yanke hulɗar jakadanci da ita a 1961. Sai dai galibin ƙurar da ke iso mana daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, kuma abin da take jawowa shi ne tari da mura da tashin asma.

Ni da na taso a Jos, iskar radon ce ta fi tsaya mini a rai. Ba ta da launi, ba ta da wari, tana fitowa ne daga yuraniyom, sinadarin nukiliya da ke cikin ƙasa da duwatsu. A sarari iska na watsa ta, amma a ɗakin da aka rufe sai ta taru, mutum ya yi ta shaƙa shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin manyan abubuwan da ke haddasa sankarar huhu bayan taba, kuma haɗarin ya fi tsanani ga masu shan sigari. Garinmu a kan duwatsu yake zaune, ga tarin ƙasar da haƙar kuza ta bari, wadda wasu ke ɗiba su yi gini, ga kuma sanyin da ke sa mu toshe taga da tsumma har gari ya waye.

A nan Legas ƙasar yashi ce da laka, zafi ma ba ya barin kowa ya rufe taga, don haka radon ba ta dame ni sosai ba. Abin da ke hallaka mutane cikin dare ɗaya a nan hayaƙin janareta ne, wanda ba ni ganin ana tura saƙo a kansa.

Auna radon ba shi da wuya: ƙaramar na'ura ake ajiyewa a ɗaki kamar wata uku. Da hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa za ta ji shawarata, da gidajen Bukuru da Barikin Ladi da ke kewayen Jos za ta fara aunawa, a lokacin hunturu.