Ki Tambayi Abin Da Sikeli Ya Ce Ranar Awo

'Yan uwana mata, musamman masu cikin fari, yawancinmu ranar awo hawa sikeli kawai muke yi mu sauka, malamar asibiti ta rubuta lamba a kati, mu jefa katin a jaka. Lambar nan kuwa labarin abin da ke cikinki take bayarwa.

Ƙanwata tana da ciki wata bakwai wata dattijuwa ta ce mata ta rage ci, kada ɗan ya yi ƙato haihuwa ta gagara. Na je gidanta da rana na tarar an kawo mata shinkafa da wake, ta yi loma huɗu ta mayar da murfi, tana haɗiyar yawu. Wata biyu lambar katinta ba ta motsa ba. Ta haifi 'ya mai kilo 2.2, in ka ɗauke ta kamar zanin kaɗai ka ɗauka. Tsotso babu ƙarfi, jiki kullum sanyi. Sai da muka yi makonni muna ɗora ta a ƙirjin uwarta kafin hankalinmu ya kwanta.

Ban ga laifin dattijuwar ba gaba ɗaya. Ta ga doguwar naƙuda, ta ga matan da suka ƙare da yoyon fitsari. Amma yunwa ba ta buɗa ƙugu. Maganin wannan tsoro shi ne awo da haihuwa a hannun ƙwararru. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa jaririn da bai kai kilo 2.5 ba a cikin masu ƙarancin nauyi, kuma irinsu sun fi saurin kamuwa da cuta da tsumburewa. Abin ma yakan bi yaro har girma. A yunwar da aka yi a ƙasar Holan daga 1944 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an gano cewa jariran da yunwar ta riska a farkon watanninsu a cikin uwa sun fi yin ƙiba da ciwon zuciya da suka manyanta.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne na masu cewa "ci, ai na mutum biyu kike ci". Haba Hajiya! Na biyun nan a wata uku na farko tsawonsa bai wuce yatsa ba, kuma jikinki bai buƙatar ƙarin abinci a lokacin. Daga baya ma ƙarin bai fi ɗan ƙaramin kwano guda a rana ba. Idan lemon kwalba da shayi mai kaurin suga suka zama abokan hira, sugan da ya taru a jininki yana ratsawa zuwa ga jariri, jikinsa ya mayar da shi kitse. Sai a haifo mai sama da kilo 4, ana ta murnar an samu ƙato, alhali irinsu ne kafaɗa ke maƙale musu wajen fita ko a ƙare da tiyata, kuma sun fi zama masu ƙiba tun suna yara.

To kilo nawa ya kamata mai ciki ta ƙara? Ma'aunin da likitocin Amurka suka fitar a 2009, wanda ake amfani da shi a wurare da dama, ya ce mai matsakaicin jiki ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16 a duk tsawon cikin, ramammiya 12.5 zuwa 18, mai jiki 7 zuwa 11.5, mai ƙiba sosai 5 zuwa 9. Tagwaye lissafinsu daban. Amma idan nauyi ya hau farat ɗaya, fuska da hannu suka kumbura ga ciwon kai, kada ki jira ranar awo, domin hawan jini mai kawo jijjiga haka yake sallama.

Ku kuma mazaje, cefane a hannunku yake. Ƙwai, wake, kifi, gyaɗa, zogale da nono sun fi mata katon ɗin lemo. Ku ɗaura mata gidan sauro, domin zazzaɓin cizon sauro ma yana rage nauyin jariri, ku tuna mata da maganin ƙarin jini.

Ke kuma a awo na gaba, kafin ki sa takalminki ki ce: "Malama, don Allah kilo nawa na ƙara daga wancan zuwan?"