Baba mai gwangwan ya ce wai fanka ce

Jama'a yau dai sai kun yi haƙuri da ni, rubutun zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

Shekaranjiya da yamma ina zaune wajen wani maƙocinmu mai sayen gwangwan, dattijo ne, tun muna yara a wannan sana'ar muka san shi, yara 'yan jari bola suna ta shigowa da buhuna da kura ana ɗorawa a sikeli, wuta kuma an ɗauke tun asuba kamar yadda aka saba, sai hira ta biyo ta kan wutar nukiliyar nan da ake ta cewa za a kawo mana. Wani matashi a cikin masu zaman ya ce shi wallahi ko gobe a kafa ta a bayan gidansu in dai fankarsa za ta juya. Aka yi dariya. Ni kuma sai na ciro waya na nemo hoton alamar gargaɗin nan mai ruwan ɗorawa da baƙi da fukafukai uku, wadda ake mannawa a jikin duk abin da ke fitar da tururin nukiliya, na miƙa wa dattijon na ce Baba, in ka ga wannan a jikin ƙarfe me za ka ce? Ya gyara tabarau ya ƙura mata ido ya ce ɗan nan wannan ai fanka ce, ko kuma tambarin wani kamfani. Na ce to in yaro ya kawo maka ƙarfe mai nauyi da wannan tambarin fa? Ya ce in ɗora a sikeli mana, ai mai nauyin shi ne kuɗin.

Tun daga lokacin abin yake ci na a rai, don abin da Baba ya faɗa shi ne daidai abin da ya faru a garin Goiania na ƙasar Brazil a watan Satumba na 1987. Wani asibitin masu ciwon daji ne ya tashi ya bar tsohon gininsa da na'urar gashin ciwon daji a ciki, wasu mutum biyu masu neman ƙarfe suka shiga suka kwance kan na'urar suka kai gida suka fasa, daga baya suka sayar wa mai gwangwan. Mutumin ya ga wani gari a ciki yana walƙiya shuɗi-shuɗi cikin duhu, abin ya ba shi sha'awa, ya ɗauka wani abu ne mai daraja, ya kai cikin gida ya riƙa nuna wa 'yan uwa da abokai har yana ɗan ɗibar musu. Sinadarin sisiyom ne. Wata yarinya 'yar shekara shida ta yi wasa da shi ta ci abinci da hannun. Sai amai da gudawa da ƙuna a fata, likitoci da farko suka ɗauka wani ciwon ne daban, sai da matar mai gwangwan ta ce anya ba wannan abin ba ne, ta zuba shi a jaka ta hau bas ta kai ofishin lafiya da kanta. Mutum 4 suka mutu har da yarinyar da ita matar, aka auna mutum kusan 112,000 a filin ƙwallo, aka samu 249 da gubar a jikinsu ko kayansu, gidaje aka rushe aka kwashe har ƙasar wurin. Ba tashar wuta ba fa, ba bam ba, ɗan abu ne da bai cika tafin hannu ba.

Kar wani ya zo ƙarƙashin rubutun nan ya ce ni maƙiyin ci gaba ne, ni ba na cikin masu jin kalmar nukiliya su ce a'uzubillahi. Gaskiya ɗaya ce, in aka bi lissafin yawan mutanen da kowace hanyar samar da wuta take kashewa, kwal da man fetur sun yi wa nukiliya nisa ba kusa ba. Hukumar lafiya ta duniya tana cewa gurɓatacciyar iska na kashe mutum wajen miliyan 7 duk shekara, kuma kaso mai yawa a ciki hayaƙin girki ne na itace da gawayi, irin wanda iyayenmu mata suke shaƙa a madafa safe da yamma har idonsu ya yi ja. Ga janareto, sau nawa muka ji an wayi gari an tarar da iyali guda sun mutu a ɗaki saboda an shigo da shi ciki don tsoron ɓarayi. Kuma ko a nan Zariya akwai ƙaramin injin nukiliya na bincike a jami'ar Ahmadu Bello yana aiki tun 2004, kilowat 30 ne kacal, har a 2018 aka sauya masa makamashi aka mayar da tsohon ƙasar Sin, mutanen Samaru suna ta harkarsu. Don haka ni ba ilimin nake tsoro ba, halinmu nake tsoro.

Abin da ya bambanta wannan gubar da sauran shi ne ba ta wari, ba ta da launi, ba ta da ɗaci. In kwata ta toshe hancinka zai gaya maka, in masana'anta ta zubo ruwan rini a rafi idonka zai gani, amma wannan sai dai mai na'ura ya auna ya gaya maka, kuma in ya ga dama ya yi shiru, kai kuma sai bayan shekara goma ko ashirin ka fara tari, a ce maka ai ƙaddara ce. To duk rayuwar talakan da ke zaune kusa da irin wannan wuri a wuyan mutum ɗaya take rataye, wato mai riƙe da na'urar awo, ko mai gaskiya ne ko akasin haka, kuma wa yake biyansa albashi.

Ba sai mun je Turai neman misali ba, ga Arlit nan gaba da Agadas a Nijar, garin da 'yan uwanmu daga Maraɗi da Damagaram da Tawa suka daɗe suna zuwa neman abinci. Tun 1971 ake haƙo yuraniyom a can, ƙarfen da ake makamashin nukiliya da shi, mahaƙar SOMAIR, sannan ta COMINAK ta biyo baya a 1978, duk da hannun kamfanin Faransa da aka sani da Areva, wanda ya koma Orano a 2018. Ƙasar Faransa wajen kashi 70 cikin ɗari na wutarta daga nukiliya take samu, ita kuwa Nijar da ke ba da ƙarfen shekara da shekaru daga Najeriya take sayen mafi yawan wutar da take sha, wannan kaɗai ya ishi mai hankali dariyar takaici. Amma ni ba ma rabon arzikin ne a gabana yau ba, ƙurar ce. In an niƙa dutsen an tace yuraniyom ɗin, dusar da ta rage ba ta zama ƙasa mai lafiya, mafi yawan tururin yana nan a cikinta, tana fitar da iskar radon wadda aka tabbatar tana jawo ciwon dajin huhu, kuma ba abu ne na shekara ɗari ba, dubban shekaru ake magana. Da aka rufe COMINAK a ƙarshen Maris na 2021, cibiyar awo mai zaman kanta ta Faransa da ake kira CRIIRAD ta ce dusar da aka bari a wurin ta kai wajen tan miliyan 20, tsibi guda a fili a cikin sahara, inda iska ba ta neman izinin kowa. Kamfanin ya ce zai lulluɓe ta da yumɓu da dutse kaurin mita biyu.

Kuma wa ya fara tona maganar? Ba minista ba ne, ba ɗan majalisa ba ne. Ma'aikacin mahaƙar SOMAIR ne da kansa, Almoustapha Alhacen, ya ga abokan aikinsa suna ta mutuwa da cututtukan da ba a yi musu bayani, ya kafa ƙungiyar Aghir In'Man, ya nemo masu na'ura daga waje. CRIIRAD suka zo a 2003, 'yan ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace suka zo a ƙarshen 2009, a rahotonsu na 2010 suka ce a cikin samfurin ruwa biyar da suka ɗiba huɗu yuraniyom ɗin ciki ya haura ma'aunin hukumar lafiya ta duniya, suka ce a wani titi a Akokan kusa da Arlit na'ura ta nuna tururi ya ninka wanda aka saba samu a yankin har kusan sau 500 saboda an yi ciko da duwatsun mahaƙa, suka kuma samu ƙarafunan da suka fito daga mahaƙar ana sayar da su a kasuwa, mutane suna yin rufin ɗaki da kayan amfanin gida da su. Kun ga mun sake dawowa kan gwangwan. Kamfanin ya musanta da yawa daga cikin zarge-zargen, ya ce yana bin ƙa'ida, amma masu fafutuka suka ce to manyan asibitocin garin ai na kamfanonin ne, likitan da zai rubuta sunan ciwonka su suke biyansa, yaya za a yi kura ta zama ita ce mai ƙirga awaki. A 2017 aka ba Alhacen lambar yabo ta Nuclear-Free Future ta masu fafutuka kan illar nukiliya.

Yanzu gwamnatin sojan Nijar ta karɓe SOMAIR a watan Yunin 2025, ana ta murna a intanet an kori Faransa, ni ma ban ce kar a yi murna ba. Amma dusar nan ba ta san tuta ba. Tambayar da nake so 'yan uwanmu na can su riƙa yi da ƙarfi ita ce, yanzu wa zai auna rijiyoyin, wa zai ƙarasa rufe tsibin, kuma in sakamakon awo ya fito da muni za a bari a faɗa a rediyo ko za a ce mai faɗa ɗan koren Turawa ne.

Mu kuma na wannan ɓangaren kar mu yi saurin nuna yatsa. Zamfara 2010, ba nukiliya ba ce, dalma ce, amma darasin ɗaya ne sak. Ana kawo dutsen zinare cikin gida ana daka shi a turmi ana niƙawa a injin da ake niƙa hatsi, ƙura tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe, yara suna ta suma suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Dareta, 'Yargalma, Abare, ana cewa iska ce ko zazzaɓi, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura sannan aka ɗebi jini aka fita da shi aka auna. Yara aƙalla 400. Ƙauyen Bagega na Anka kuwa sai 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa, shi ma sai da matasa suka tayar da ƙura a Twitter kafin kuɗin ya fito. Ba a gama jimami ba a 2015 abin ya sake ɓulla a jihar Neja, yara 28. Ƙasar da sai an ƙirga kaburbura take sanin akwai guba, ita ce ta sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017 kan gina tashar nukiliya, har an ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom.

Ko Chanobil da kowa ke ambata, tashar nukiliyar da ta fashe a Yukren a 1986, fashewar daban ɓoyewar daban. Sai bayan wajen awa 36 aka kwashe mutanen garin da ke kusa, duniya kuma ba ta sani ba sai da na'urorin wata tasha a Suwidin suka yi ƙara. Dubban yaran da suka kamu da kansar maƙogwaro daga baya, madarar shanun da suka yi kiwo a gurɓatacciyar ciyawa suka sha, abin da sanarwa ɗaya a kan lokaci za ta iya rage shi sosai, a ce kar a sha nonon nan.

Abin mamaki iyayenmu sun fi mu zafi a kan wannan. Lokacin da Faransa ta fara gwajin bam ɗinta a Reggane cikin saharar Aljeriya a 1960, gwamnatin Tafawa Ɓalewa ba ta tsaya wata-wata ba, a Janairun 1961 ta sallami jakadan Faransa daga Legas, ƙasar ko wata huɗu ba ta yi da samun 'yanci ba. Sun san iskar hunturu daga ina take tasowa.

Shi ya sa nake jin haushin yadda muke fafutukar lafiya a nan, komai a otal a Abuja, da Turanci, da ruwan roba da jakar taro, a ɗau hoto a watse. Muna da hukumar da doka ta ɗora wa sa ido kan kayan nukiliya, NNRA, kuma kayan nan suna nan a ƙasar tun ba yau ba, a asibitocin gashin ciwon daji, a kamfanonin mai, a wajen masu duba walda da masu auna ƙarfin titi. To ni abin da nake so in gani kafin a aza tubali ɗaya a Geregu, a auna ruwa da ƙasa da iskar wurin tun yanzu a manna sakamakon a ƙofar sakatariya da harshen mutanen wurin, a bai wa jami'o'i da ƙungiyoyin gari nasu na'urorin da ba gwamnati ko kamfani ke riƙe da makullinsu ba, a riƙa rubuta duk mai ciwon daji da garinsu da sana'arsa don gobe in abu ya canja a iya ganewa, ba a zo ana musu ba. Likitocinmu da malaman asibiti da duba-gari su ma su daina jin kunyar shiga wannan magana, mai jinya da ya zo da ƙuna a hannu ba tare da wuta ta taɓa shi ba a tambaye shi me yake sana'a. Malamai kuma in za a iya yin huɗuba guda a kan rigakafin shan inna, wannan ma za a iya.

Jiya dai na je shagon kwamfuta na sa aka buga min alamar nan babba mai kala, na rubuta a ƙasa da Hausa da ajami, kar a taɓa, kar a fasa, a nisanta yara, na kai wa Baba muka manna a bango daidai saitin sikeli. Na ba shi labarin Brazil tun daga farko, ya yi shiru yana jan carbi, da na zo kan yarinyar sai ya ce innalillahi. Can ya ɗago ya ce to ɗan nan na ji, in na gani ba zan saya ba, amma shi yaron da ya ɗauko shi tun daga bola a ka, wa zai biya shi kuɗin ƙarfensa? Don in na ce ba na so, gaba zai yi da shi wajen wani, mu a layin nan kaɗai mu shida ne.