Barin alkama a Kaduna da a Ingila: wa ya fi shan wuya?

A nan Ingila, idan likita ya tabbatar wa mutum yana da cutar siliyak, wadda cin alkama ke lalata wa mai ita hanji, sai a haɗa shi da masanin abinci, a riƙa duba shi duk shekara. Idan ya shiga babban kanti zai tarar da kanta guda ta burodi da taliya da biskit marasa gulutin, wasu ɗauke da alamar zangarniya da aka ja wa layi. Wanda ya ga wannan gata zai ce mai irin wannan lalura a Kaduna ya shiga uku. Ni ban yarda ba. Ta fuskar abincin kansa na Kaduna ya fi na Ingila sa'a nesa ba kusa ba. Inda aka bar shi a baya shi ne sanin abin da ya shiga cikin kwanonsa.

Gulutin wani furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da wani ɗan'uwansu da Turawa ke nomawa mai suna rai. Shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo ya riƙa miƙewa. A jikin mai siliyak, garkuwar jiki kan ɗauke shi abokin gaba, a garin yaƙarsa sai ta cinye bangon ƙaramin hanji. Bangon nan a lafiyarsa yana da ƙananan tsiro kamar gashin tawul, da su yake tsotse amfanin abinci. Idan suka goge sai mutum ya yi ta ci jiki bai samu ba: zawo ko kumburin ciki, rama, kasala, ƙarancin jinin da ba ya jin magani, yaro ya ƙi girma, wani lokacin ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ta ƙafa. Kusan mutum ɗaya cikin ɗari ke da ita a ƙasashen da aka auna. Masu cewa cutar Turawa ce su sani cewa a 1999 an auna yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, inda fulawa ta zama babban abincinsu, aka samu sama da biyar cikin ɗari suna da ita.

A gida irin waɗannan alamomi sunansu olsa, ko taifot, ko basir, a yaro kuma tamowa. Sai a shekara ana shan magani. Kuskuren da ya fi yawa kuma, har a nan Ingila, shi ne mutum ya yi zargin cutar ya daina cin burodi sannan ya je gwaji. Gwajin jinin, wanda ake kira tTG-IgA, yana neman makaman da jiki ke ƙerawa ne lokacin da ake cin gulutin. An daina ci, makaman sun ragu, sakamako ya fito lafiya lau alhali cutar na nan. Ƙa'idar a nan ita ce a ci abin alkama fiye da sau ɗaya a rana har mako 6 kafin a ɗebi jini, a kuma auna IgA ɗin jiki gaba ɗaya, wato nau'in makaman garkuwar da gwajin ke dubawa, don wanda nasa ya yi ƙasa gwajin kan yaudare shi. A manya, bayan jini akan zura na'urar leƙa ciki ta baki a tsinko ɗan naman hanji a duba. A Kaduna wannan aikin likitan ciki ne, asibitocin koyarwa irin Barau Dikko ko na Shika a Zariya ne wurin fara tambaya. Idan ta tabbata, a gwada iyaye da 'ya'ya da waɗanda ake ciki ɗaya da su, don kusan ɗaya cikin goma na irin waɗannan dangi kan same ta.

Magani ɗaya ne, barin gulutin har ƙarshen rai. A nan ne bambancin wuraren biyu ke fitowa.

Bature a kan alkama ya gina cinsa: burodi da safe, sanwic da rana, taliya ko fiza da dare, har miyarsa da fulawa yake ɗaure ta. An cire alkama, an kwashe masa ginshiƙi, dole ya nemi kwaikwayo. Burodin kwaikwayon nan kuwa na sitacin shinkafa da masara da dankali ne, ƙarami, mai marmashewa, kuɗinsa ya ninka na burodin gaske sau da yawa. Tun ƙarshen 2018 abin da asibitin gwamnati a Ingila ke iya rubuta wa mara lafiya ya tsaya a burodi da garin haɗi, wasu yankunan ma sun daina bayarwa. Acha kuwa, wadda ake aunawa da mudu a Kafanchan da Jos, a nan ƙulli kaɗan ake sa wa a leda mai ado a sayar da ita a matsayin abincin 'yan gayu.

Shiga kasuwar Kawo ranar Talata ko Kasuwar Barci ka ƙirga: gero, dawa, masara, shinkafa, acha, tamba, wake, gujiya, waken suya, riɗi, gyaɗa, doya, rogo, dankali, makani. Babu ɗaya mai gulutin. Tuwon masara da miyar kuka, tuwon shinkafa da taushe, faten acha, dambu, ƙosai, alale, koko, kunun tsamiya, fura da nono, duk halal ne ga mai siliyak idan an yi su yadda kakanninmu suka yi. Shi ya sa nake ganin asarar kuɗi ce mutumin Unguwar Rimi ko Malali ya riƙa sa a yi masa odar burodi marar gulutin daga waje. Abin da zai bari sananne ne: burodi, gurasa, indomi, taliya har da 'yar murji, samo, kuskus, alkubus, funkaso, fanke, cincin, dubulan, alkaki, samosa, biskit, kek. Samo na yawan ruɗar mutane saboda fari ne kamar tuwon shinkafa, amma da alkama ake yin sa. Sannan ga tuwon alkama da ake yawan tura masu ciwon suga su ci. Siliyak na yawan haɗuwa da ciwon suga na yara, mai buƙatar allurar insulin, don haka wanda ke da duka biyun ya koma wa acha ko dawa.

Wahalar gida ta fara ne daga injin niƙa. Ma'aunin duniya na abincin da za a kira marar gulutin shi ne kada ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya. A lissafin kicin, cokalin shayi ɗaya na fulawa ya isa ya fitar da kilo 10 na garin masara daga wannan ma'auni. To ka tsaya wurin mai inji a Tudun Wada ko Rigasa da hantsi ka ga layin robobi: wannan masara, wancan alkamar tuwo, na bayansa gero. Abin da ya maƙale a haƙoran inji da maƙogwaronsa daga niƙan da ya wuce ya fi cokali nesa, kuma a garin mai bi masa zai sauka. Mutane da yawa da ke cewa sun bar alkama amma ciki bai daina ba, a nan matsalarsu take.

Gyaran mataki-mataki ne. Da farko a duba buhun da aka zubo hatsin, don 'yan kasuwa na yawan amfani da tsohon buhun fulawa. A baza a faifai a tsince, a wanke sau biyu ko uku, a shanya ya bushe ƙarau. Sannan niƙa. Mafi aminci shi ne ƙaramin inji ko bilenda mai kofin niƙa busasshen abu a gida, wanda alkama ba ta taɓa shiga ba, ko turmin da aka ware. Idan ba hali, a nemi mai injin da ba ya karɓar alkama sam. Idan shi ma babu, a je da sassafe, a roƙi mai injin ya kwance ya kakkaɓe, a fara zuba mudu ɗaya a tare shi daban don sauran 'yan gida, sai a karɓi na bayansa. Wannan na ƙarshe rage haɗari yake yi, ba ya kawar da shi. Injin markaɗe ya fi sauƙi tunda ana iya wanke shi da ruwa har ya fito fari, amma a tsaya a ga an wanke.

Cikin gida kuma a ware rariya, muciya, ludayin katako, madambaci da gwagwar tace taliya. Tukunyar ƙarfe da cokali da faranti wanki da sabulu ya ishe su, amma rariya da kayan katako suna riƙe gari a ramukansu. Zafi ba ya kashe gulutin, don ba ƙwayar cuta ba ce. Man da aka soya fanke ko cincin a ciki ya tashi daga aiki ga mai siliyak, ko da ƙosai ko awara za a jefa. Mai ƙosan bakin titi da ke haɗawa da fanke a kasko ɗaya a haƙura da ita. Haka teburin mai shayi, inda kaskon ƙwai shi ne na indomi, wuƙar yanka albasa ita ce ta burodi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda fulawa ta kutsa cikin abincin da asali ba ruwansa da ita. Ɗan wake a da garin wake ne da na rogo ko dawa, yanzu a gidaje da yawa fulawa ce zalla da kuka. Masu masa na barbaɗa fulawa a ƙullu don ya haɗe. Wasu na zuba alkama a kunun gyaɗa, wasu na ɗaure miyar ƙwai ko ta hanta da fulawa. Ba a buƙatarta a ko ɗaya. Ɗan wake: garin wake kofi 2, garin alabo kofi 1, kuka cokali 2 na cin abinci, a kwaɓa da ruwan kanwa har ya yi yauƙi yana bin hannu, a jefa a ruwan da ke tafasa sosai, a bar shi minti 10 zuwa 15 bayan ya taso. Idan ya narke a tukunya, ko kuka ta yi kaɗan ko ruwan bai tafasa ba. Masa: shinkafar tuwo kofi 3 a jiƙa ta kwana, a dafa wani rabin kofin ya yi luguf, a haɗa a markaɗa, a sa yis cokalin shayi 2 da ɗan suga, a rufe a wuri mai ɗumi awa 4 zuwa 6. Dafaffiyar shinkafar ita ke yin aikin da ake nema wurin fulawa. Idan masar na wargajewa a tanda, ƙullun ya yi ruwa ne ko dafaffiyar ta yi kaɗan.

A kayan kanti Ingila ta yi mana fintinkau. Doka ta tilasta a fito da sunan abubuwa 14 masu tayar wa mutane da lalura a jikin kowane ƙunshi, galibi da baƙin rubutu mai kauri, alkama da sha'ir na cikinsu, gidan abinci ma dole ya faɗa idan an tambaya. A gida sai mutum ya bi jerin kayan haɗin da kansa, ga shi da Turanci, ƙanana kamar tururuwa. A haddace yadda ake rubuta alkama da sha'ir da malt a Turance. Wuraren da suke ɓuya: wasu dunƙulen ɗanɗano da garin kori, lemon malt, garin shayi mai koko, miyar waken suya ta kwalba, tsiran nama na leda, bakin hoda, da hatsin ots da ba a rubuta masa marar gulutin ba. Kamfani kan canza haɗi, don haka karatun jiya bai wadatar wa kwalin yau ba. Abin da aka ƙulla a leda babu rubutu, kamar yajin tsire ko garin kunu, ko dai a san hannun da ya haɗa ko a haɗa a gida. Daddawa da gishiri da albasa da citta sun isa su ɗaga miya. Ga 'yan'uwa Kiristoci, gurasar jibin Ubangiji ta alkama ce, sai a yi magana da shugaban coci.

Sai kara, wadda ita ce babbar matsalarmu. Bature zai ce wa mai masaukinsa ba ya cin abu kaza, a wuce wurin. A Kaduna ka je gaisuwar Sallah, Hajiya ta turo faranti na cincin da dubulan tana cewa, "Haba ɗana, ɗan taɓa mana, ɗaya me zai yi maka?" Cewa "ba na so" rashin kunya ne, cewa "na ƙoshi" kuma a ƙulle maka a leda. Abin da ke aiki shi ne a jingina da likita: "Hajiya, ki yi haƙuri, likita ya hana ni duk abin da aka yi da fulawa ko alkama, hanjina yake ci." Mutanenmu na girmama dokar asibiti. Tambayar ma a gyara ta. Idan ka ce wa mai masa "akwai gulutin?" ba za ta gane ba. Ka ce, "Baba, kin sa fulawa a ƙullun, ko 'yar kaɗan? Me kika soya a man nan?" Yaron makaranta a haɗa masa kwanonsa daga gida, a kuma sanar da malaminsa, don biskit ɗin aboki a lokacin tara ya isa. Kuma rashin jin ciwo bayan an ci ba hujja ba ce, hanji na lalacewa ko ciki bai murɗa ba.

Watannin farko madara na iya kawo zawo da kumburi, saboda hanjin da ya goge ba ya iya narka sugan da ke cikinta. Wannan yakan wuce idan hanji ya warke, kindirmo kuma ya fi ɗanyar madara sauƙi. Fulawar Najeriya doka ta sa ana ƙara mata sinadarin ƙarfe da bitamin, don haka wanda ya bar ta ya cike gurbin da hanta, nama, wake, zogale da alayyahu, ya sha lemon zaƙi ko ya matsa lemon tsami a kai, ya kuma jinkirta shayi awa ɗaya bayan cin abinci don yana hana jiki tsotsar ƙarfen. Wanda ya koma farar shinkafa safe da dare zai gamu da taurin bayan gida, sai ya riƙa sauyawa da gero da dawa da wake da ganye. Yara kan murmure cikin watanni, hanjin babba kuwa yana iya ɗaukar shekara 2 ko fiye. A maimaita gwajin tTG bayan wata 6 zuwa 12, a duba yawan jini da bitamin D. Idan adadin bai sauka ba, a fara bincike daga wurin mai inji da kaskon suya kafin a zargi wani abu.